Yadda Ake Zaɓen Gishirin Teku da Injin Niƙa Shi Domin Girkin Gida

Gishiri yana cikin kayan miyan da ba a cika yin dogon tunani kafin a saye su ba, domin abin da aka saba shi ne a aiki yaro shagon unguwa ya karɓo leda ɗaya, a juye a kwalba, a ci gaba da girki. Yanzu kuwa wanda ya shiga babban kanti zai tarar an ware wa gishiri kanta guda: ga fari, ga mai launin toka, ga ruwan hoda, ga mai gari, ga mai tsakuwa, wani ma an ɗaura masa ɗan injin niƙa a bakin kwalba, kuma kuɗin ƙaramar kwalba ɗaya ya isa ya sayi gishirin da gida zai yi watanni yana ci. Masu tallar gishiri su ma sun iya ƙara gishiri a zance, shi ya sa ya kamata mai saye ya san abin da yake biyan kuɗinsa. Da zarar gishiri ya narke a tukunyar miya, da wuya harshe ya bambance mai tsada da mai araha. Bambancin da ke da amfani a girki yana wurare uku ne: girman ƙwayar gishirin, yawan danshin da ke jikinsa, da kuma ko an ƙara masa sinadarin aidin. A kan waɗannan ukun ne zaɓen gishiri da zaɓen injin niƙa suka rataya.

Mataki na farko: a san abin da ake kira gishirin teku

Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, kuma hanyar fitar da shi tsohuwa ce ƙwarai. Ana janyo ruwan zuwa faffaɗan kududdufai marasa zurfi, a bar rana da iska su ƙafar da shi sannu a hankali, har gishirin ya daskare a kwashe. Haka ake yi a Guérande da ke gabar yammacin Faransa da Tirapani a tsibirin Sisili na Italiya, haka kuma ake yi a nan yammacin Afirka, a tafkin Songor da ke yankin Ada a ƙasar Gana da kewayen Kaolak a Sanagal. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kaso mai yawa na gishirin leda da ake sayarwa a Najeriya shi ma asalinsa daga teku yake, domin ɗanyensa ake shigowa da shi ta jirgin ruwa daga ƙasashe irin su Namibiya da Birazil, a wanke, a tace, a niƙa, a ƙara masa aidin. Saboda haka rubuta sunan teku a jikin kwalba bai isa ya zama dalilin ninka farashi ba.

Akwai kuma gishirin da ake jerawa tare da na teku alhali ba shi ba ne. Ruwan hodan nan da ake dangantawa da duwatsun Himalaya haƙo shi ake yi daga ƙarƙashin ƙasa, mafi shahara a mahaƙar Kewra da ke lardin Punjab na Pakistan, kuma ɗan burbushin sinadarin ƙarfe ne ya ba shi launin. Gishirin Bilma da ayarin raƙuma ke saukowa da shi daga Sahara, da kantu na dabbobi da beza na miya, daga ramukan ruwan gishiri na hamada ake ƙafar da shi. Dukansu gishiri ne na gaskiya, sai dai a kira kowa da sunansa.

Maganar da aka fi yaudarar mutane da ita ita ce cewa gishirin teku ya fi lafiya, ko kuma bai tayar da hawan jini. Ƙa'idar abinci ta duniya ta tanadi cewa gishirin ci ya kasance aƙalla kashi 97 cikin 100 nasa zallar gishiri ne idan an cire danshi, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na nauyin zallar gishiri sinadarin sodiyam ne, wanda shi ne likitoci ke gargaɗi a kansa. Ɗan abin da ya rage na magnesiyam da kalsiyam da sauransu bai taka kara ya karya ba, kafin mutum ya sami abin kirki daga cikinsu sai ya ci gishirin da zai kwantar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato abin da bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma wannan iyaka ba ta ware na teku ba.

Mataki na biyu: a raba gishirin tukunya da gishirin faranti

Wannan shi ne matakin da na fi so a tsaya a kansa, domin kuskure a nan yana taɓa lafiyar iyali. Kifin teku da ciyayin teku suna da aidin mai yawa, amma gishirin da aka ƙafar daga ruwan teku kusan ba shi da shi, sai in an ƙara masa a masana'anta. Jikin baligi yana buƙatar kimanin maikurogiram 150 na aidin a rana (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), mai ciki da mai shayarwa kuma kimanin 250. Rashinsa shi ke kawo maƙoƙo, kuburin wuyan nan da manya suka sha gani a ƙauyuka a da, kuma abin da ya fi maƙoƙo muni shi ne tauye bunƙasar ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki. Tun daga 1993 Najeriya ta wajabta ƙara aidin a gishirin ci, kuma ga al'ummar da ke nesa da teku, wadda ba kullum take cin kifin teku ba, wannan gishirin leda mai araha shi ne babbar ƙofar da aidin ke shigowa gida.

Don haka shawarata ita ce a ajiye gishiri iri biyu. Na farko shi ne mai gari, mai aidin, wanda za a riƙa zubawa a miyar kuka, da dafa-duka, da ruwan taliya, da kwaɓin fulawa, da duk abin da gishiri zai narke a cikinsa ya ɓace. Na biyu shi ne na teku mai ƙwaya, wanda za a barbaɗa a kan abinci bayan an sauke, inda haƙori zai ji garas ɗinsa, harshe kuma ya ci karo da shi kai tsaye: gasasshen kifi, balangu, soyayyen dankali, dafaffen ƙwai, yankakken tumatir da gurji, kwaɗon zogale. Wanda ya zuba gishiri mai tsada a tafasasshen ruwa ya narkar da kuɗinsa ne kawai, wanda kuma ya kori mai aidin daga ɗakin girki gaba ɗaya ya yi asarar da ta fi ta kuɗi. Idan an sami gishirin teku mai tsakuwa wanda aka ƙara wa aidin, to an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ana gane shi ta kalmar iodised ko iodized da Turanci, ko iodé da Faransanci, a jikin leda.

Mataki na uku: a gane ƙwayar gishiri

Gishirin da ya dace da injin niƙa shi ne busasshe mai tsakuwa, fari ko mai ɗan haske kamar fasasshen gilashi, wanda ƙwayarsa ta kama daga girman gero zuwa girman dawa, wato milimita 2 zuwa 4. Idan aka girgiza ledarsa za a ji yana ƙara caka-caka, ƙwayoyin suna gudu ba su manne da juna. Wanda ya fi wannan girma, kamar ƙwayar masara, yakan maƙale bai sauka tsakanin haƙoran injin ba, wanda ya fi ƙanƙanta kuma yakan zube ta ƙasa ba tare da an niƙa shi ba.

Sai mai launin toka, irin na Guérande, wanda yumɓun ƙasan kududdufi ne ya rina shi. Ba a wanke shi, ba a busar da shi sosai, shi ya sa idan aka damƙe shi a tafin hannu yakan dunƙule kamar jiƙaƙƙen yashi. Gishiri ne mai daɗi a kan gasasshen nama, amma shi ne babban abokin gabar injin niƙa na yau da kullum, domin yana cushewa a tsagogin haƙora ya zama kamar kwaɓaɓɓen gari. Wurinsa ƙaramin turmi ne, ko kuma injin da aka ƙera musamman domin gishiri mai danshi, wanda za a ga an rubuta haka a kwalinsa.

A saman irin waɗannan kududdufai ne, a ranakun da rana ta yi zafi iska kuma ta bushe, wani siririn ɓawon gishiri ke tasowa yana yawo a kan ruwa, a yaɗe shi da hannu kamar yadda ake yaɗe mai a saman nono. Faransawa suna kiransa fleur de sel, wato furen gishiri, kuma ƙarancinsa da wahalar kwasarsa ne suka sa yake da tsada sosai. Kusa da shi akwai mai fale-fale, wanda mafi shahararsa shi ne Maldon, da ake yi a gabar Eses ta Ingila tun 1882 ta hanyar ɗumama ruwan teku a faffaɗan kasake har ƙwayoyin su fito da siffar ƙananan dala masu rami a ciki. Waɗannan biyun siffarsu ake saya, saboda haka jefa su cikin injin niƙa ɓarna ce. Da yatsu uku ake ɗiba, a ɗan murje, a barbaɗa daga sama.

Gishirin da aka gauraya da tafarnuwa ko ganyayyaki ko aka turara da hayaƙi ba sai an ɓata lokaci a kansa ba, duk mai girkin da ke da tafarnuwa da turmi ta fi ƙarfinsa.

Mataki na huɗu: a gwada kafin a saki kuɗi, a sake gwadawa a gida

Idan na leda ne ko na kwalba, a fara da karanta abin da ke ciki. Gishiri mai kyau jerin kayansa gajere ne: gishiri, wataƙila da aidin, wataƙila da ɗan sinadarin hana dunƙulewa, wanda ba abin tsoro ba ne a ɗan adadin da ake sakawa. A Najeriya a duba lambar rajistar NAFDAC. A juya ledar a ga ko akwai raɓa a cikinta ko dunƙulen da ya yi tauri kamar dutse, alamar ta sha danshi a ajiya. A kuma kwatanta farashi da nauyi, ba da girman kwalba ba, domin gishiri mai fale-fale yana cika kwalba alhali nauyinsa kaɗan ne.

Idan kuwa na awo ne a kasuwa, wanda ake zubawa a buhu a buɗe, sai an ƙara sa ido. A ɗebo kaɗan a baza a tafin hannu a duba tsakuwa, da ɓawon kifi ko na katantanwa, da baƙin burbushi. A sansana, domin gishiri mai tsafta ba shi da wari, in an ji ƙarni ko warin mai to buhun ya kwana kusa da abin da bai dace ba. A ɗora ƙwaya ɗaya a harshe: ya kamata a ji zartsi mai tsabta, ɗaci mai yawa kuma yana nuna ba a tsane ruwan ƙarshe na kududdufi daga jikinsa ba. Da an isa gida, a zuba cokali ɗaya a kofin gilashi mai ruwan ɗumi, a juya har ya narke, a bar shi minti goma. Idan ruwan ya tsaya garau an yi dace. Ɗan hazo a gishiri mai launin toka ba laifi ba ne, yumɓu ne. Amma idan yashi ya kwanta a gindin kofi, kada wannan gishiri ya kusanci injin niƙa, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta ɓantare haƙorinsa. A tuna kuma cewa gishirin da ya daɗe a buɗe cikin rana da laima, ko da an taɓa ƙara masa aidin, yana iya rasa wani kaso nasa.

Mataki na biyar: zaɓen injin niƙa

Kafin a saya, ya kamata a san abin da injin zai yi da abin da ba zai yi ba. Masoro yana da mai mai ƙamshi a cikin ƙwayarsa, wanda ke fita lokacin da aka fasa ta ya kuma gushe idan garin ya daɗe, shi ya sa niƙa shi nan take ke da fa'ida. Gishiri ma'adini ne, ba shi da irin wannan mai, wanda aka niƙa yau da wanda aka niƙa bara ɗanɗanonsu ɗaya. Amfanin injin shi ne ya ba mai girki iko a kan girman ƙwaya, lilis domin soyayyen dankali da gyaɗa inda ake so gishiri ya manne, tsaki-tsaki domin nama, sannan ya baza gishirin daidai ba tare da an tsoma jiƙaƙƙen hannu a kwalba ba. Wanda wannan bai dame shi ba, ƙaramin turmi da taɓarya sun wadatar da shi.

Zuciyar injin ita ce haƙoransa: wani dunƙule mai tsaga-tsaga da ke juyawa a cikin zobe mai tsaga-tsaga, tazarar da ke tsakaninsu ita ke ƙayyade laushin niƙa. Abin da aka yi haƙoran da shi ya fi komai muhimmanci, kuma a nan na taɓa yin kuskuren da ya koya mini darasi. Na sayi wani kyakkyawan inji na katako a wani kanti, mai shagon ya tabbatar mini cewa komai yana niƙawa, na cika shi da gishiri mai danshi a tsakiyar damina. Bayan 'yan makonni sai na ga ɗigo-ɗigon ja a kan farin dafaffen ƙwai. Da na kwance shi na tarar haƙoran sun yi tsatsa jawur, sandar tsakiya ta ci, murfin ma da ƙyar ya juya. Injin masoro ne, haƙoransa na baƙin ƙarfe, kuma gishiri da danshi idan suka haɗu a kan baƙin ƙarfe ba sa barinsa da rai.

Haƙoran da suka fi dacewa da gishiri su ne na tangaran, domin ba sa tsatsa ko kaɗan, suna da tauri sosai, ba sa riƙe wari. Kamfanoni irin su Kyocera na Japan da CrushGrind na Denmak sun yi suna a kansu. Aibinsu ɗaya shi ne tangaran ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi, saboda haka faɗuwa a kan siminti ko tsakuwa a cikin gishiri na iya gamawa da shi. Na biyu su ne na ƙarfe mara tsatsa da aka tanada musamman domin gishiri, irin waɗanda Peugeot ke yi. Wannan Peugeot ɗin dai shi ne na motar Fijo da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ya fara ƙera injin niƙa kofi a 1840 da na masoro a 1874, tun kafin ya ƙera mota, kuma zakin nan na gaban mota yana nan a jikin injinan. Irin wannan haƙori yana da ƙarko, amma da busasshen gishiri kaɗai, in ban da samfurin da aka ware domin mai danshi. Na uku su ne na roba, waɗanda ake samu a injina masu araha da kuma kwalaben da ake sayarwa cike da gishiri. Ba sa tsatsa, amma gishiri ya fi su tauri, a hankali yake cinye su, kuma abin da ya goge daga jikinsu ba shi da wurin zuwa sai faranti. Irin wannan kwalba ta a yi amfani a yar ce, ba ta cancanci a yi ta sake cika ta ba.

A kanti, a kifa injin a leƙa ƙasansa. Haƙorin ƙarfe a bayyane yake. Matsalar ita ce tangaran da roba duka farare ne, sai a ƙwanƙwasa da farce ko bakin makulli: tangaran yana da sanyi da tauri, yana ba da ƙara siririya, roba kuwa ƙararta a dushe take. Injinan da ake sayarwa biyu-biyu sukan zo da harafin S a kan na gishiri da P a kan na masoro, kada a musanya su. Bayan haƙora a duba sauran ƙarafan da gishiri zai taɓa, wato sandar tsakiya da sifirin da ƙananan kusoshi, domin sau da yawa haƙoran na tangaran ne amma sifirin na ƙarfen banza, shi zai fara ci. Injin da ba shi da sanda a tsakiya ya rage wannan damuwa, ya kuma fi sauƙin cikawa.

Daga nan sai wurin daidaita laushi. A tsohon salo notin da ke saman murfi ne ke wannan aiki, a ɗaure shi niƙa ta yi laushi, a sassauta ta yi tsaki, sai dai yakan kwance da kansa yayin murɗawa, kuma duk lokacin da aka buɗe domin cikawa sai an sake saiti. Wanda ke da ƙaramar dabaran saiti a ƙasa, ko zobe mai matakai a jiki, ya fi riƙe inda aka ajiye shi. A gwada shi a matakin farko da na ƙarshe, in da hali a niƙa a kan tafin hannu, a ga ko akwai bambanci na gaske tsakaninsu.

Jikin injin ya danganta da hannun mai shi. Gilashi da roba mai haske suna nuna yawan abin da ya rage, katako ya fi daɗin riƙo amma ba ya son ruwa. A riƙe shi a murɗa, a tuna cewa a ɗakin girki hannu yakan kasance da maiƙo. A duba faɗin bakin da ake zuba gishiri, domin ƙaramin baki yana sa rabin gishirin ya ƙare a ƙasa. Akwai samfurin da haƙoransa ke sama, sai an kifa shi ake niƙa, wanda ba ya barin garin gishiri a kan tebur. Mai batir yana da amfani ga tsofaffi da masu ciwon gaɓoɓin hannu, da mai juya nama da hannu ɗaya, amma ga sauran mutane ƙarin abin lalacewa ne, tunda gishiri da wayoyin lantarki ba su taɓa zama lafiya ba.

Mataki na shida: cikawa da kulawa

Sabon inji a goge shi da busasshen ƙyalle, a zuba gishiri kaɗan a niƙa a zubar, domin ya kwashe ƙurar masana'anta. Kada a cika shi maƙil, kashi biyu cikin uku ya isa, ƙwayoyin su sami wurin motsi. Kada a ɗaure saitin har haƙora su riƙa gugar juna, kada kuma a yi ta murɗa shi babu komai a ciki.

Hausawa sun ce gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Zallar gishiri tana fara jan ruwa daga iska idan laima ta haura kashi 75 cikin 100, gishirin teku da ba a tace ba kuma yana farawa tun kafin nan saboda magnesiyam ɗin da ke jikinsa. Da hunturu ba a samun matsala, amma daga Yuli zuwa Satumba, ko kuma a garuruwan gabar teku irin su Legas da Akara da Duwala a kusan duk shekara, injin da aka bari kusa da murhu zai toshe. Babban abin da ke kashe injin gishiri shi ne niƙa kai tsaye a kan tukunya mai tururi, domin tururin yana shiga ta ƙasa ya jiƙa haƙora. A niƙa a tafin hannu ko a cokali, sannan a zuba. A ajiye injin nesa da wuta da wurin wanke-wanke, ragowar gishirin kuma a kwalbar gilashi mai murfin roba, domin murfin ƙarfe zai yi tsatsa. Dabarar nan ta jefa ƙwayoyin shinkafa a cikin gishiri ta kwalbar barbaɗawa ce, a cikin inji shinkafar za ta bi haƙora ta fito tare da gishirin ko ta toshe su.

Idan gishirin ya riga ya yi danshi, a baza shi a busasshen kasko a kan wuta kaɗan ana juyawa na 'yan mintoci, a bar shi ya huce sarai kafin a mayar, domin mai ɗumi zai yi gumi a cikin injin. Idan injin ne ya toshe, a juye abin da ke ciki, a sassauta saitin gaba ɗaya, a kifa shi a bubbuga a tafin hannu, a share tsagogin da busasshen buroshin haƙori da aka ware domin haka. Haƙoran tangaran da ake iya cirewa ana wanke su da ruwan ɗumi, amma sai sun kwana sun bushe ƙarau kafin a mayar. Jikin katako ba a tsoma shi a ruwa.

Mataki na bakwai: a san awon hannu

Sauya gishiri yana sauya awo, kuma nan ne miya ke yin zartsi ko lami ba tare da an san dalili ba. Cokalin shayi ɗaya na gishiri mai gari yana kai kimanin giram 6, amma cokali ɗaya na mai fale-fale bai wuce kusan rabin haka ba, saboda iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa. Wanda ya saba da awon mai gari zai ga na fale-fale bai ji ba, wanda kuma ya koma mai gari da awon fale-fale zai ɓata tukunya. Mai tsakuwa yana ɗaukar lokaci kafin ya narke, don haka idan an zuba shi a abu mai ruwa a jira kaɗan kafin a ɗanɗana, kada a yi saurin ƙarawa.

Inji yana da nasa haɗarin, domin murɗawa tana da daɗi kuma ido ba ya ganin adadin da ya sauka. Maganin wannan shi ne a auna shi sau ɗaya tun ranar farko. A shimfiɗa farar takarda, a murɗa sau goma a saitin da aka fi amfani da shi, a tattara abin da ya fito a cokalin shayi, in akwai ƙaramin sikelin girki a ɗora a kai. Daga nan an san abin da kowace murɗa ke bayarwa, kuma idan an sauya saiti ko an sauya gishiri sai a sake awon. A lissafa har da gishirin da ya riga ya shiga abincin ta wata hanya, domin dunƙulen ɗanɗano yawancinsa gishiri ne, yajin tsire ma da gishirinsa yake zuwa. Idan za a barbaɗa na teku a faranti, a rage na tukunya tun farko, a kuma ɗaga hannu sama kamar taƙi ɗaya daga abincin lokacin barbaɗawa, domin ƙwayoyin su bazu ko'ina maimakon su taru wuri guda.